Lesin ɗin Faransanci ta WhatsApp, ra'ayina

Gaskiya lesin ɗin da wani malami ɗan Damagaram ke mana ta WhatsApp ya ci kuɗinsa, musamman wajen furucin aikatau. Saƙon murya yake turowa yana tafa hannu kan kowace gaɓa, j'achète ya ce ja-shet, sai nous achetons ya koma nu-zash-ton, wato e ɗin tsakiya ta ɓace kenan alhali tushensu ɗaya, haka ma appelle da appelons. Kuma parle, parles, parlent duk furuci ɗaya ne, -ent ɗin nan ba a karanta shi sam, nan yawancinmu 'yan Najeriya ke tuntuɓe wallahi. Matsalarsa kawai jinkirin gyara aiki, sai ka yi ta jira. Amma mai shirin karatu a Yamai ya nemi irinsa.