Tambarin ɓoye ko zanen yatsa: wanne za a fara ginawa?

Ɗan'uwa, ka ce kana haɗa manhaja da za ta kama satar aikin masu ɗaukar hoto da mawaƙa, kana tambaya ko ka dasa tambarin ɓoye a cikin aikinsu, ko ka gina zanen yatsa irin na Content ID, tsarin gano kwafin bidiyo da YouTube ya fito da shi a 2007. Aikin kowanne daban ne.

Zanen yatsa ba ya taɓa fayil ɗin. Manhaja ce ke duba hoto ta fitar da gajeriyar lamba da ke wakiltar kamanninsa. A hanyar pHash, ana rage hoton zuwa ɗigo (pixel) 32 a tsaye, 32 a kwance, a cire launi, a yi masa lissafin DCT, wanda ke raba manyan siffofin hoto da ƙanana, a ɗebi kusurwar 8 sau 8 mai ɗauke da manyan siffofi, sannan a gwada kowace ƙima da ta tsakiya. Abin da zai fito bit 64 ne, wato jerin 0 da 1 guda 64. In an ci karo da wani hoto a intanet, sai a fitar da tasa lambar a ƙirga wurare nawa suka saɓa. Da yawa suna tsayar da iyaka a wajen 10: in saɓanin bai wuce haka ba, a ɗauke shi kwafi. Ka faɗaɗa ta, sai hotunan faɗuwar rana na mutum biyu da ba su taɓa haɗuwa ba su zama "kwafi". Ka ƙuntata ta, ɓarawo ya wuce. Matse fayil da rage girma ba sa ruɗa zanen yatsa, amma yanke gefe sosai ko juya hoton hagu zuwa dama suna kayar da shi. Maganin shi ne ka adana lambar juyayyen hoton da ta sassansa tun ranar farko. A sauti kuwa, ƙololuwar muryoyi ake bi a kan taswirar sautin, kamar yadda Shazam, manhajar gano waƙa, ke yi.

Tambarin ɓoye shi kam canza fayil ɗin yake yi: ana cusa lamba a cikinsa yadda ido ko kunne ba zai kama ba. Kuskuren da masu farawa suka fi yi shi ne ɓoye ta a bit na ƙarshe na kowane ɗigo. Matsewar JPEG sau ɗaya ta share ta, kuma shafukan sada zumunta suna sake matse yawancin hotunan da aka ɗora. Ka sa ta a tsaka-tsakin mitar hoton, wato siffofin da ba manya ba kuma ba ƙanana sosai ba, ka maimaita ta a wurare da yawa, ka haɗa da lambar gyara kuskure. Sai dai duk ƙarfin da ka ƙara mata, ingancin aikin ne ke biya.

Abin da tambari ya fi zanen yatsa da shi guda ne, amma babba: kowane mai saye za a iya ba shi kwafi mai lamba tasa, in aiki ya fita a san ta hannun wa. Rauninsa kuma, aikin da ya riga ya bazu ba za a koma a buga masa ba, alhali zanen yatsa yana kama shi.

Shawararmu, fara da zanen yatsa, tambari ya biyo baya ga masu raba aiki kafin fitarwa.

Amma a kula, babu ɗayansu da ke tabbatar da wa ya mallaki aiki. A ƙarƙashin Yarjejeniyar Berne ta 1886, wadda ƙasashe suka ƙulla kan haƙƙin mallakar ayyukan fasaha, haƙƙin mallaka ba ya jiran rajista, don haka rigima kullum a kan hujja take. Da zarar an ɗora fayil, manhajarka ta fitar masa da SHA-256, lambar da ke canzawa in an taɓa fayil ko kaɗan, ta karɓo hatimin lokaci, wato shaidar cewa fayil ɗin yana nan a lokacin, bisa ƙa'idar RFC 3161, ta kuma nemi ɗanyen aikin: fayil ɗin RAW na kyamara, ko muryoyin waƙa kafin a haɗa su. In ba haka ba, wanda ya riga ɗorawa shi zai zama mai kaya, ko da sata ya yi, a kuma sauke aikin mai shi na gaskiya. Wannan zalunci ne da manhaja za ta aikata da hannunta. Don haka ka gina ƙofar ƙalubalantar ƙorafi tare da ƙofar shigar da shi, kuma mutum ya duba hotunan biyu gefe da gefe kafin a aika wa kowane shafi takardar neman saukewa.