Gargaɗi ga masu sayen fanel ɗin sola ta hanyar waya, ku ji abin da aka yi min a Zariya

Naira 780,000 wani mara tsoron Allah ya cinye min, kuɗin adashina da na ragunan da na sayar. Ina rubutun nan raina na tafasa.

Kafin wani ya ce min "ai ke ma", ku tsaya ku ji. Ni ba yarinya ba ce, ba yau na fara kasuwanci ba. Ƙanƙara da zoɓo nake sayarwa a Tudun Wada, kowa ya san halin da masu firiza ke ciki da wuta. Shi ya sa na nemi sola. A Facebook na ga tallar mutumin, wai daga Legas yake turo kaya. Ban tura ko sisi ba sai da muka yi kiran bidiyo. Ya zaga da ni cikin sito, fanel a jere a tsaye kan katako, ya juya bayan ɗaya ya nuna min takardar da ke manne, wat 550. Ya ce, "Hajiya, ki ɗauke ni kamar ɗanki, haƙƙinki ba zai bar ni in yi barci ba." Da Hausarsa ras, har yara ya tambaya. Kamar ɗanki! Wace uwa ce za ta ji wannan ta zargi mutum? Na ga sito da idona, na ga kaya da idona.

Fanel shida, kowanne 130,000. Shi ne 780,000.

Ranar da kaya suka iso tashar Kwangila, a kwance na tarar da su a ƙasan mota, an jibga buhuna a kai. Af, kafin nan ma sai da ya karɓi ƙarin 25,000 wai na katako da soson da za a tare gefuna. Babu katako, babu soso, kwali ne kawai da salatif. Kuma tun ana gobe kaya za su iso yake nanata min, "Hajiya, kada ki bari a buɗe a tasha, 'yan dako za su fasa miki, garanti ya lalace." Maganar ta shige ni, domin gaskiya ne gilashi ne, ba a wasa da shi. Ashe so yake in sa hannu direba ya tafi. Ashe tarkon ke nan. Ragowar 380,000 kuwa tun da ya turo hoton takardar mota na tura, 400,000 na farko kuma a ranar bidiyon.

A gida mai haɗa sola ya yanka kwali. Biyu sun farfashe, gilashin ya koma kamar tsakin masara. Sauran huɗun ya kalle su ya yi shiru, ya ɗauko tef. Ya ce fanel na wat 550 ya wuce mita biyu a tsawo, nauyinsa kusan kilo 27, mutum biyu ke ɗaukarsa. Waɗannan yaronsa shi kaɗai ya sauke su daga keke. Ya sa farce ya ɓare takardar baya, sai ga wata a ƙarƙashi, wat 300. Ramukan firem duk da shatin ƙusa, wato daga rufin wani aka kwance su. Ya kuma ce ko waɗanda ba su fashe ba, tunda an kwantar da su an danne da kaya tun daga Legas, ana iya samun tsagewar ciki da ido ba ya gani, sai daga baya wuta ta riƙa raguwa.

Na kira mai kayan. "Hajiya, ai direbanki ne, kuma kin sa hannu kin karɓa." Direbana? Shi ya zaɓi motar! Daga nan layi ya daina shiga. Mutumin da ya ce in ɗauke shi ɗana. 780,000, ban da 25,000, ban da kuɗin mota. Ban yafe ba, Allah ya isa.

Ku buɗe kwali a tasha gaban direba, kuna ɗaukar bidiyo, mai haɗawarku na tsaye da tef da mitar awon wuta. Kada ku biya duka kafin nan. A tsaye ake ɗora fanel, ta firem ake kama shi, ba ta wayar wutar da ke bayansa ba.

Na kai ƙorafi banki. Hotunan alat, hirarmu da takardun nan biyu duk suna wayata, zan saka su anjima idan ɗana ya dawo. Duk wanda aka yi wa irin wannan a Samaru, Sabon Gari ko cikin birni ya yi min magana mu haɗa kai, na tabbata ba ni kaɗai ba ce.