Darussan Hirƙal a katin waya: karatu mai nauyi, sauti mai rauni

Wani ƙaramin shago da ke kusa da babbar kasuwar Maraɗi, wanda aka fi saninsa da tura karatun malamai a katin waya, ya fara sayar da jerin darussa da Hausa a kan Hirƙal, sarkin Rumawa da ya yi mulki daga 610 zuwa 641 miladiyya. Yawancinmu mun san sunansa ne ta hadisin da ke farkon Sahihul Bukhari, inda ya yi wa Abu Sufyan tambayoyi game da Manzon Allah (SAW) bayan wasiƙar Manzon da sahabi Dihyatul Kalbi ya kai. Abin da darussan suka ƙara mana shi ne sanin halin da sarkin yake ciki kafin wasiƙar ta iske shi.

Mai karatun ya daɗe a kan yaƙin Farisa, kuma a nan ne ya nuna gwaninta. Ya bayyana yadda Hirƙal ya taso da jiragen ruwa daga Kartaj, a Tunisiya ta yau, ya hamɓarar da sarki Fokas, ya gaji daular da ta riga ta tagayyara, har Farisawa suka ci Ƙudus a 614, suka kuma mamaye Masar wadda take ciyar da Kustantiniyya, babban birnin daular, da alkama. Sai da aka narkar da kayan zinariya da azurfa na majami'u aka buga kuɗin biyan sojoji, sannan ya fita yaƙi a 622, ya murƙushe rundunar Farisa a Ninawa a 627. Wanda ya saurari wannan sashe da natsuwa zai ƙara fahimtar ayoyin farko na Suratur Rum.

Sai dai yaƙin Yarmuk na 636, tsakanin Musulmi da Rumawa, an ratsa shi a gurguje, ba tare da an taɓo saɓanin aƙida da ke tsakanin Kiristocin Sham da Masar da kuma fadar Kustantiniyya ba, alhali Hirƙal ya ɓata shekaru yana neman ɗinke wannan ɓaraka. Sautin ma bai dace da karatun ba, domin ƙarar kabu-kabu tana danne muryar malamin a wurare da dama, kuma ba a sa wa darussan lamba ba. Mai saye ya nemi yaron shagon ya jera masa su bi da bi kafin ya biya, kuma ya saurara da abin sawa a kunne.