Na sauya bel ɗin ƙasa na babur ɗin ƙanƙara a garejin gidana

Shekara ta bakwai ke nan ina zaune a Thunder Bay, a lardin Ontariyo na Kanada, bakin tafkin Superior. Babur ɗin ƙanƙarar da nake hawa Ski-Doo ne na hannu, na saye shi wurin wani abokin aiki. Wanda bai taɓa gani ba, gabansa sandunan sulɓi ne guda biyu, bayansa kuma faffaɗan bel na roba mai haƙora, irin na tankar yaƙi, shi ke tura babur ɗin. Wannan bel ɗin ne ya gaji. A ƙarshen hunturun bara na tarar haƙora huɗu sun fita, zaren ciki ya fara leƙowa ta gefe, ƙarafunan da ke maƙale a tagoginsa wasu sun zube. Tsohon mai shi ya sha ratsa tsakuwa da shi, ga kuma shekaru.

Wani shagon gyara ya ce in kawo, amma sai bayan mako uku, don a watan Nuwamba kowa ke tunawa da nasa. Sai na sayi sabon bel na ƙuduri aniyar ɗaurawa da kaina.

Wanda na zaɓa Ripsaw II ne na kamfanin Camso, wanda cibiyarsa ke garin Magog a Kebek, kuma Michelin ya saye shi a 2018. Tsawonsa inci 137, faɗinsa inci 15, tsayin haƙoransa inci 1.25, tazarar da ke tsakanin layin haƙori da na gaba inci 2.86. Wannan adadi na ƙarshe shi ne wanda mutane suka fi mantawa. Akwai bel masu tazarar 2.52, a ido kamar ɗaya suke, amma haƙoran sandar da ke juya bel ɗin ba za su shiga ba. Kafin in biya kuɗi sai da na kwanta ƙarƙashin babur ɗin da tef ɗin awo, na kuma duba littafinsa. Na so in ɗauki mai dogayen haƙora, maƙwabcina, wani dattijo ɗan asalin Finlan da ya girma a kan waɗannan babura, ya hana ni. Ya nuna mini na'urar sanyaya inji da ke manne a rufin ramin da bel ke gudu, ya ce in haƙori ya yi tsawo zai iya kartar ta, ruwan sanyaya inji ya tsiyaye a tsakiyar daji.

Ranar Asabar bayan sallar asuba muka fara, ni da ɗana mai shekara goma sha biyar. Mun rataye bayan babur ɗin da igiyar ɗaure kaya a jikin katakon rufin gareji, muka sassauta kusoshin da ke ja wa bel ƙarfi a baya, muka sauke sifirin. Ƙarfen da ke ɗauke da shokazoba da ƙananan tayoyi, wanda ke zaune a cikin bel ɗin, kusoshi huɗu ne ke riƙe da shi. Nan muka fara cin tura. Kowace kusa biyu a kan sanda ɗaya suke, in ka kwance ta dama, sandar sai ta riƙa juyawa tare da ta hagu. Mun kusa awa guda a kai. Yaron ne ya ce, "Abba, me zai hana mu mayar da ta farko mu ɗaure ta, sannan mu karya ƙarfin ɗayar?" Haka muka yi, muka ɗan gasa kan kusar don gam ɗin da ke jikin zarenta ya saki, ta kwance.

Ainihin aikin yana gaba. Bel ɗin zobe ne, ba shi da mahaɗi, don haka ba ya fita sai an zare sandar da ke juya shi. Wannan sanda kuwa kanta ɗaya yana cikin akwatin kaca, ɗayan yana wajen birki. Sai da na cire salansa kafin hannuna ya kai ga murfin akwatin, na tsiyaye man, na sassauta kacar, na fitar da giya biyu masu haƙora, sannan na koma ɗaya gefen na kwance birki. Kowane mataki na ɗauke shi hoto da waya, kowane noti da wosha na jera su a kan kwali bisa tsarin fitowarsu. Hotunan nan sun cece ni washegari, don akwai wani siririn zobe a bayan giyar ƙasa da ba zan tuna ta wace fuska yake zama ba.

Tunda an riga an buɗe wurin, na sauya boris ɗin sandar da kuma dogayen robobin nan biyu da bel ke sulɓi a kansu. Kuɗinsu bai taka kara ya karya ba, kuma ba na son sake kwance wannan akwati a sanyin Janairu.

Sabon bel ɗin yana da kibiya a jikinsa da ke nuna inda zai juya, a duba ta kafin a mayar da sandar. Robar ta zo da tauri, gara da na bar ta ta kwana a ɗaki mai ɗumi. Mayar da ƙarfen shokazoba ya fi fitar da shi wuya nesa ba kusa ba, ramukan kusoshin baya sun ƙi haɗuwa har sai da muka matse shi da igiyar ɗaure kaya, ina ja yaron yana leƙen ramin da tocila.

Daidaita ƙarfin bel ɗin shi na fi ba lokaci. Littafin babur ɗina ya ce a sa nauyin kilo 7.3 a ja tsakiyar bel zuwa ƙasa, ratar da ke tsakaninsa da robobin sulɓi ta tsaya tsakanin milimita 30 da 35. Da ma'aunin rataya na kifi na yi. In ya yi sako-sako haƙoran sandar za su riƙa tsallake, in ya ɗame da yawa ya cinye robobin sulɓi da boris. Daga nan na tayar da inji bayan yana rataye, na bar bel ya juya a hankali, na kashe, na auna ratar dama da hagu. Sau biyar na maimaita kafin ya tsaya a tsakiya. Duk lokacin da yake juyawa na sa yaron ya koma gefe, don ba a tsayawa bayan bel mai gudu.

Gaba ɗaya yini ɗaya da rabi muka yi.

Yanzu na yi wata biyu ina hawa, mafi yawa a kan hanyoyin OFSC, haɗaɗɗiyar ƙungiyar masu hawan babur ɗin ƙanƙara ta Ontariyo, da ake daddaɓewa, inda dokar gudu kilomita 50 ce a awa. Bambancin da na fara ji a birki ne: da, in na matse, bayan sai ya karkace gefe, yanzu a miƙe yake tsayawa. A kwana yana ɗan sakin baya kaɗan yadda sandunan gaba ke samun juyawa, abin da na ji daɗinsa ƙwarai. Ƙarar ma ta ragu. A dusar da ta kai gwiwa kuwa haƙorin inci 1.25 yana tona ne maimakon ya hau, ba don wannan aka yi shi ba, mai shiga daji ya nemi wani. A kan daskararren ruwan tafki kuma sai an dasa masa ƙusoshin ƙarfe, ni ban dasa ba tukuna.

Bayan fitata ta farko na sake awo na tarar ya ɗan saki, kamar yadda sabuwar roba ke yi, na ƙara masa juyi biyu a kowane gefe. Tun daga nan nake aunawa duk Juma'a da yamma, ratar ba ta sake motsawa ba.