HMO ko PPO: me ya sa ɗaya ya fi arha?

Malam, ka ce wurin aikinka a nan Amurka sun ba ka zaɓi tsakanin inshorar lafiya iri biyu, HMO mai sauƙin kuɗin wata da PPO mai tsada, ga shi ɗanka yana da sikila, kana tambaya ko arhar nan da wata a ƙasa. Akwai, kuma a jerin likitoci take, wato likitoci da asibitocin da kamfanin inshora ya yi yarjejeniya da su.

Kamfanin inshora ba ya biyan asibiti farashin da ke rubuce a takarda, ciniki suke yi. Sai ya je wa asibitoci biyu ko uku ya ce, duk mutanena ku zan turo wa, ku rage mini. Asibitin da ya san marasa lafiya za su yi ta zuwa sai ya sauko, kamar yadda ɗan kasuwa ke yi wa mai sari. Wanda ya ƙi saukowa a bar shi waje, kuma sau da yawa manyan asibitocin koyarwa ne, masu tsada, inda ƙwararru suka fi taruwa. Ragin nan ne kake gani a kuɗin wata na HMO. Ƙari a kan haka, ba ka ganin ƙwararre sai likitanka na farko, wato wanda ke duba ka yau da kullum, ya tura ka, wannan ma yana rage wa kamfani kashe kuɗi. In kuwa ka je wurin likitan da ba ya cikin jeri, yawanci ko sisi ba su biya.

PPO jerinsa ya fi faɗi. Za ka ga ƙwararre ba tare da takardar turawa ba, in ka fita waje ma suna biyan wani kaso. Da yake kamfani bai yi wa kowa alkawarin ciniki shi kaɗai ba, ragin da yake samu kaɗan ne, sai ya ɗora maka sauran. Amma kada faɗin ya ruɗe ka: iyakar abin da za ka kashe daga aljihunka a shekara, wadda doka ta wajabta, ta shafi likitocin cikin jeri ne. Na waje lissafinsu daban.

Gaggawa kam hankalinka ya kwanta. Ko wanne ka ɗauka, in ciwo ya tashi wa yaro cikin dare, ɗakin gaggawa mafi kusa za ka nufa, kuma tun Janairun 2022 doka ta hana a caje ka fiye da farashin cikin jeri a irin wannan hali.

Ni dai HMO ba abin gudu ba ne a wurina. Dokar da ta ba shi ƙarfi tun 1973 take, zamanin Shugaba Nixon, kuma irin su kamfanin Kaiser Permanente, da likitocinsu da asibitocinsu ke ƙarƙashin inuwa ɗaya, mutane da yawa suna jin daɗinsu. Ga iyalin da zuwansu asibiti bai wuce rigakafi da mura ba, biyan kuɗin PPO asara ce.

Sikila kuwa wani abu ne daban. Yaron da likitan jini ɗaya ya sani tun yana goye, ya san maganin da ke kwantar masa da ciwo da wanda jikinsa ba ya so, raba su ba ƙaramin abu ba ne. Don haka kafin ka dubi farashi, nemi sunan likitan nan da na asibitin da ake kwantar da yaron a jerin HMO ɗin. In duka biyun suna ciki, ɗauki mai arhar, ba ka rasa komai ba sai ɗawainiyar karɓar takardar turawa. In ɗaya ya fita, PPO ne naka, ko da zai ɗan matsa aljihu.

Kuma kada ka tsaya a abin da ka gani a intanet. Na taɓa ganin sunan likitar maiɗakina ɓaro-ɓaro a jeri, muka shiga tsarin, sai ranar da muka je mai karɓar baƙi ta juya katin ta ce sun daina karɓarsa. Buga waya ofishin likitan, ka karanta musu cikakken sunan tsarin, domin kamfani ɗaya kan sayar da tsari iri-iri, likita ya karɓi wani ya ƙi wani. Ka tambaye su kuma ko za su ci gaba da karɓarsa a shekara mai zuwa. Allah ya ƙara wa yaron lafiya.