Inda aka duba wa Innarmu yatsanta mai maƙalewa a Garwa

Salamu alaikum jama'a. Duk wanda ke fama da yatsa mai maƙalewa, irin wanda in ka dunƙule hannu sai ɗaya ya ƙi miƙewa har sai ka sa ɗaya hannun ka ɓalle shi ka ji ƙas, to shawarata ya nemi likitan ƙashi tun da wuri. Mu wani ƙaramin kilinik mai zaman kansa muka kai Innarmu nan Garwa ta ƙasar Kamaru, ba nisa da unguwar Yelwa. Ba zan kama suna ba don akwai abubuwan da zan yi ƙorafi a kansu, amma ta fannin aikin likitan kam wallahi na gamsu.

Inna ta doshi sittin kuma tana da ciwon suga, ga shi ita ba ta iya zama haka nan, in ba surfe ba to matsar wanki ko yankan kuɓewa. Yatsan zobe ne na hannun dama. Da asuba abin ya fi tsanani, sai ta farka ta tarar ya lanƙwashe ya kwanta a tafin hannu, buta ma da hagu take kamawa, carbi kuwa sai ta ja ta tsaya ta miƙe yatsan sannan ta ci gaba. In rana ta ɗaga sai ya ɗan saki, shi ya sa maƙwabta kowa ya ce sanyi ne. An shafa man zafi, an kai ta wurin mai ɗori ya ja yatsan da ƙarfi wai gocewa ya yi, ta dawo hannu a kumbure. Ni ban raina masu ɗori ba, suna da inda suka ƙware, amma wannan ciwon babu ruwansa da ƙashi sam.

Abin da ya fara burge ni, likitan bai tura mu ɗaukar hoton ƙashi ba balle a ci mana kuɗi a banza. Hannunta ya kama, ita tana nuna masa gaɓar tsakiyar yatsa tana cewa nan ne ke mata ciwo, shi kuma ya danna cikin tafin hannu daidai gindin yatsan, ai kuwa sai da ta zabura. Ya ce "Dada, lanƙwasa a hankali, yauwa miƙe", ya ɗora yatsana a wurin na ji wani ɗan ƙulli yana tafiya ƙarƙashin fata yana dawowa. Da Fulatanci ya yi mata bayani tunda ba ta jin Faransanci, inda ya kakare nas ɗin ta ƙarasa da Hausa. Ya ce jijiyar da ke lanƙwasa yatsa tun daga damtse take zuwa ta ratsa tafin hannu, tana bi ta cikin wani ɗan zobe na nama a gindin yatsa, kamar mazagi a cikin ƙubakar wando, to in bakin ƙubakar ya yi kauri ya matse kuma mazagin ya yi ƙulli, dole ya riƙa sarƙewa, ya shige da ƙyar ya fito da ƙyar. Inna ta ce "to yanzu na gane ɗana". A karnenta, wato ɗan littafinta na asibiti, ya rubuta sunan ciwon da Faransanci, doigt à ressaut, ya ce ciwo ne sananne tun da daɗewa, wani likita Bafaranshe mai suna Notta ya yi bayaninsa tun 1850.

Ya ce ya fi kama mata, musamman daga shekara 40 zuwa 60, kuma yatsan zobe da babban yatsa su suka fi shan wahalarsa. Masu suga sun fi kowa samunsa, wani ma ya kama masa yatsu biyu ko uku, haka masu ciwon gaɓoɓi da masu aikin damƙe abu da ƙarfi kullum, teloli da almakashi, masu kitso, manoma da fartanya. Wannan batun suga ɗin ya tsaya min a rai ƙwarai, don shekarun nan da take karɓar magani babu wanda ya taɓa ce mata ciwon na iya taɓa hannu, kullum ido da ƙafa ake faɗa.

Bai yi gaggawar cewa tiyata ba, wannan ma na yaba. Ya ce in abin sabo ne ana farawa da hutar da hannu da ɗaure yatsan da dare da ɗan abin roba, atel suke ce masa, kamar sati shida, don kar ya kwana a lanƙwashe. Amma nata ya riga ya jima yana kullewa, don haka ya ba da shawarar allurar kortizon a wurin. Kafin ya taɓa ta sai da ya sa aka gwada suganta, kuma ya ja min kunne sosai cewa allurar nan tana ɗaga suga na 'yan kwanaki, mu riƙa gwadawa safe da yamma, in ya hau da yawa mu dawo. Haka kuwa aka yi, ya ɗan hau sannan ya sauka. Don Allah duk mai suga ya faɗa wa likita kafin a yi masa ita, ko da ba a tambaye shi ba.

Allurar da zafi fa, ba zan ɓoye muku ba, tafin hannu ne. Ta runtse ido tana salati, amma kafin ka ce me an gama. Wurin ya yi mata tsami a farko, daga baya ƙas ɗin ya riƙa raguwa a hankali har ta wayi gari yatsa na miƙewa da kansa. Likitan ya gaya mana gaskiya cewa yana iya dawowa, ballantana ga mai suga, kuma ba a ta maimaita allurar a yatsa ɗaya saboda tana iya raunana jijiyar, in an yi sau biyu bai ji ba sai a yi ƙaramar tiyata. Ita ma wai ba ta sa barci ba ce, hannun kawai ake kashewa a ɗan tsaga zoben nan jijiya ta samu hanya, a koma gida ranar, a cire zare bayan kwana 10 zuwa 14.

To ga inda ban ji daɗi ba. Likitan sai da yamma yake zuwa kuma ba kullum ba, amma ba wanda ya gaya mana, muka zauna kan benci tun hantsi cikin zafin Garwa da tsohuwa mai suga wadda bai kamata ta wuce lokacin cin abinci ba, fanka ɗaya ce a wurin kuma wuta ta ɗauke. Maganin allurar babu shi a farmasinsu, sai da aka ba ni ordonans, wato takardar sayen magani, na hau moto na zaga gari. Atel ɗin ma da ƙyar na samu, wanda aka fara miƙo min na dukan hannu ne har wuyan hannu, alhali ɗan ƙarami na yatsa ake so. Sannan a wurin biyan kuɗi ba sa faɗa maka jimla tun farko, ka biya na ganin likita, a ce koma ka biya na gwaji, a sake cewa koma na allura. Kuɗin kansa bai fi ƙarfin mai ƙaramin hali ba in ya ɗan shirya, amma a faɗa wa mutum mana ya san abin da zai riƙo daga gida.

In za ku je irin wurin nan ku fara tambayar ranar da likitan ƙashi ke zama, ku tafi da karnen mara lafiya da magungunan da yake sha, da ruwa da ɗan abin ci. In kuma yatsan ya kulle gaba ɗaya ya ƙi buɗuwa ko da an taimaka masa, kar a ja shi da ƙarfi. Wanda kuwa yatsansa ya kumbura ya yi ja yana zafi rau, musamman bayan ƙaya ko wuƙa ta soke shi, ko ga zazzaɓi, wannan wani ciwon ne daban, ƙwayar cuta ce ta shiga, a kai shi asibiti a ranar kar a jira yamma.