Search Console: abin da yake yi wa mai kanti da abin da ba ya yi

Da yawa daga cikin 'yan'uwanmu masu sayar da dabino, turare da jallabiya a Makka da Jidda sun buɗe shafukan intanet domin alhazai da masu Umara su ga kaya tun suna gida, kuma ƙorafin da ya fi yawa a bakinsu shi ne mutum ya ɗora sabon kaya, ya neme shi a Google, ya rasa. Shi ya sa na ga ya dace in faɗi ra'ayina kan Search Console, hidimar da Google ke bai wa masu shafuka kyauta, wadda kafin shekarar 2015 ake kira Webmaster Tools, kuma ana iya sarrafa ta da Larabci.

Babban amfaninta shi ne tana raba mutum da zato. Google yana da manhaja mai zagaye, Googlebot, da ke bin mahaɗai daga shafi zuwa shafi tana karantawa, kuma ba ta da tsayayyar ranar zuwa: babbar jarida tana iya samun ziyararta sau da yawa a yini, alhali ƙaramin kanti da ba a cika sabunta shi ba sai ya yi kwanaki ko makonni yana jira. Idan mai shafi ya tabbatar da mallakarsa, ya liƙa adireshin shafin kayan a wurin duba adireshi da ke cikin Search Console, za a nuna masa ranar ƙarshe da aka karanta shafin da kuma ko ya shiga kundin Google, wato ma'ajiyar shafukan da Google ke nuna wa masu nema. Akwai ma rahoton ziyarce-ziyarcen Googlebot na kwana 90 da suka wuce.

Abin da ya fi burge ni shi ne yadda Search Console ke bambance karantawa da shigarwa kundi, domin a nan akasarin 'yan kasuwa ke ruɗewa. Wani shafin an san da shi amma ba a leƙa ba tukuna, wani kuwa an karanta shi tsaf aka ƙi ɗauka. Na biyun yakan faru ga wanda ya kwafo bayanin dabinon ajwa daga wurin dillali, kalma da kalma, irin wanda sauran kantuna suka riga suka ɗora.

Maɓallin neman a shigar da shafi kuwa, bai kai yadda ake zuzuta shi ba. Google da kansa ya bayyana cewa lamarin na iya ɗaukar kwanaki zuwa makonni, cewa akwai iyakar roƙon da za a yi a rana, kuma maimaita dannawa ba ya gaggauta komai. Layi ne kawai ka shiga, babu alkawari. Taswirar shafi, wato jerin adiresoshin shafukan kanti da ake miƙa wa Google, ta fi shi amfani ga mai kaya da yawa, tunda guda ɗaya tana ɗaukar adireshi har 50,000, sai dai a tabbatar ranar gyaran kowane shafi da aka rubuta a ciki ta gaskiya ce.

Raunin Search Console a bayyane yake: wasu rahotannin sukan makara da 'yan kwanaki, bayanin dalilin ƙin shafi kuma a taƙaice yake ƙwarai, ta yadda wanda bai saba ba sai ya nemi mai fassara masa. Tsarin IndexNow da injunan bincike na Bing da Yandex suka fito da shi a 2021 yana sanar da injin bincike nan take idan an sauya wani abu, sai dai Google ba ya cikinsa, alhali shi ne inda masu sayenmu suke nema.

Duk da haka ina ba da shawarar a buɗe Search Console, tunda ba ta cin ko riyal ɗaya. Mai son kayansa su bayyana a cinikin Ramadan ya ɗora su tun a Rajab, ya duba matsayinsu a farkon Sha'aban, domin ya samu sararin sake rubuta duk shafin da aka ƙi ɗauka.